Dian Fossey: matar da ta tare a dutse don gwaggon biri, ta mutu kafin likitan da ta nema ya iso

Da safiyar ranar 27 ga watan Disamba na shekara ta 1985, ma'aikatan wani sansanin bincike da ke saman duwatsun arewacin ƙasar Ruwanda suka tarar da gawar shugabarsu cikin ɗakinta, an sare ta da adda. Sunanta Dian Fossey, Ba'amurkiya mai shekara 53. Ta shafe shekara 18 tana bin sawun gorila, wato manyan biran nan da ake kira gwaggon biri, musamman irin da ba ya rayuwa sai a kan tsaunuka. A lokacin da ta mutu, waɗanda suka rage a duwatsun Birunga, inda iyakokin Ruwanda da Kwango da Yuganda suka haɗu, ba su kai 300 ba, kuma masana da yawa sun fid da rai za su ga ƙarshen ƙarnin. Ƙidayar da aka kammala a 2016 ta samu 604 a waɗannan duwatsun. Abu biyu ne suka fi taimakawa wajen wannan farfaɗowa: likitocin dabbobi, waɗanda ita ta roƙa a kawo, da kuma jawo mutanen ƙauye a jika, abin da ta ƙi yi har ta mutu.

Yarinyar da ta so zama likitan dabbobi

An haifi Dian Fossey ranar 16 ga watan Janairu na 1932 a birnin San Faransisko na jihar Kaliforniya. Tana da shekara shida auren iyayenta ya mutu, mahaifiyarta ta auri wani ɗan kasuwa wanda bai taɓa ɗaukar yarinyar a matsayin ƴa ba. Ta tashi cikin kaɗaici, dabbobi suka zama abokan hirarta, ta ƙware a hawan doki tun tana ƙarama. Mijin uwarta ya so ta karanci kasuwanci, ita kuma ranta na kan aikin likitan dabbobi. Ta bijire masa ta shiga jami'ar Kaliforniya da ke garin Davis, tana aikin ƙwadago don ta biya kuɗin karatu. Sai dai darussan kimiyyar sinadarai da na fizik sun fi ƙarfinta, ta faɗi a shekara ta biyu. Daga nan ta koma kwalejin San Jose, ta koyi aikin koya wa marasa lafiya da masu naƙasa yadda za su sake amfani da gaɓoɓinsu, ta gama a 1954.

Aikin ya kai ta asibitin yara masu naƙasa na Kosair a birnin Louisville, jihar Kentaki, inda ta yi wajen shekara goma. Mace ce doguwa, mai kunya, wadda ba ta iya doguwar hulɗa da manya ba, amma ta iya zama da yaron da ba ya magana har ya saki jiki da ita. Wannan haƙurin ne ya yi mata rana daga baya.

A 1963 ta ci bashin dala 8,000, kusan albashinta na shekara guda, ta zo Afirka yawon mako bakwai. A Tanzaniya ta gamu da Louis Leakey, masanin nan mai tonon ƙasusuwan mutanen farko, wanda ya yi imanin cewa sanin halin manyan birai zai haska tarihin ɗan Adam. A dutsen Mikeno na ƙasar Kwango kuma ta fara ganin gwaggon biri ido da ido. Ta koma gida da bashi a wuya, amma hankalinta ya zauna a can.

Bayan shekara uku Leakey ya zo Louisville gabatar da lacca, ta je ta same shi. Yana neman wanda zai zauna da gorila shekara da shekaru, kamar yadda Jane Goodall ke yi da biran cimfanzi a Gombe ta ƙasar Tanzaniya. Ya shawarce ta da ta sa a cire mata ɗan guntun hanjin nan da likitoci ke kira apandis, tunda babu asibiti a inda za ta. Sai da ta je aka yi mata aikin sannan ta gane gwaji ne kawai, yana son ya auna ko da gaske take.

Daga Kwango zuwa Karisoke

A farkon 1967 ta kafa tanti a Kabara, cikin Kwango, wurin da masanin dabbobi George Schaller ya yi bincikensa a 1959 da 1960. Ba ta cika wata bakwai ba tawaye ya ɓarke a gabashin ƙasar. A watan Yuli sojoji suka sauko da ita daga dutse, suka tsare ta mako biyu a Rumangabo. Ta yi musu dabara cewa sai ta je garin Kisoro na Yuganda ta biya kuɗin takardun motarta, da suka tsallake iyaka ta tsere musu.

Maimakon ta koma Amurka, sai ta zagaya ɓangaren Ruwanda. Ranar 24 ga watan Satumba na 1967 ta kafa sabon sansani tsakanin dutsen Karisimbi da dutsen Bisoke, ta haɗa sunayen biyu ta kira shi Karisoke. Wuri ne mai tsayin mita 3,000 daga doron teku, kullum cikin ruwa da hazo da taɓo da sanyi mai shiga ƙashi. Mutanen yankin suka laƙaba mata suna Nyiramachabelli, abin da ake fassarawa da matar da ke zaune ita kaɗai a dawa.

Biran wannan ɓangaren ba su san mutum ba sai mafarauci, don haka da sun hango ta sai su ruga. Ta ɗauki hanyar da ta saba da ita a asibitin yara. Ba ta tsayawa a miƙe, rarrafe take yi a kan gwiwa da bayan yatsu. Tana zama ta yi ta tauna ganyen da suke ci, tana susa, tana kwaikwayon gurnanin da suke yi in sun ƙoshi hankalinsu ya kwanta. Ta lura cewa zanen da ke saman hancin kowane ɗaya daban yake da na ɗan'uwansa, ta riƙa zana hancinan a littafi har ta san su ɗaya bayan ɗaya, ta sa musu sunaye. A 1970 wani matashin namiji da ta kira Peanuts ya miƙo hannu ya taɓa nata, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba tsakanin mutum da gwaggon birin dawa. A watan Janairun wannan shekarar ne hotonta ya fito a bangon mujallar National Geographic, duniya ta san da ita.

Kafin ita, sinima da labaran mafarauta sun sa mutane na ɗaukar gorila wani dodo mai kisa. Bincikenta, wanda ya ba ta digirin dakta a jami'ar Kambirij ta Ingila, ya nuna dabba ce mai cin ganye da tsiron gora, mai zaman iyali ƙarƙashin babban namiji guda da bayansa ya yi furfura. Ta rubuta yadda mata ke barin gidan haihuwa su koma wani garke, da yadda sabon namiji kan kashe jaririn da ba nasa ba, da yadda uba ke tsayawa ya mutu a gaban iyalinsa. Mace ba ta haihuwa sai kusan duk shekara huɗu, ɗa guda, shi ya sa mutuwar ko da ɗaya babbar asara ce.

Tarkon gada, da kasuwar jarirai

Gandun dajin an kafa shi tun 1925 zamanin mulkin Beljiyam, shi ne irinsa na farko a Afirka. Amma Ruwanda ƙaramar ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gonaki sun hau har gindin dutse. A ƙarshen shekarun 1960 aka yanke wani babban yanki na gandun don noman wani fure da ake haɗa maganin ƙwari da shi. Makiyaya na shiga da shanu, talakawa na shiga neman itace da zuma da ruwa da nama. Schaller ya ƙiyasta birai 400 zuwa 500 a 1960. Ƙidayar 1981 ta samu 254.

Mafi yawan tarkunan ba don gorila ake ɗana su ba, na gada ne. Sai dai zargen waya bai san bambanci ba. In ya kama hannun ɗan biri, yana ja yana ƙara shaƙewa, har ya yanke nama, ciwon ya ruɓe, hannun ya guntule ko ran ya fita. Ban da wannan akwai masu kashewa da gangan don su sayar wa Turawa kai da hannuwa a matsayin kayan ado, da masu kamo jarirai don gidajen namun daji. Da yake garke ba ya barin ɗansa, kama jariri guda na nufin kashe manya da dama.

A 1969 aka kamo ƴan birai biyu mata don gidan namun dajin birnin Kolon na Jamus, suka iso hannun hukuma rai kwakwai mutu kwakwai. Dian ta karɓe su, ta kira su Coco da Pucker, ta cika ɗaki guda na gidanta da ganye da rassa, ta yi jinyarsu makonni har suka miƙe. Ta roƙi a bar su su koma dawa, aka ƙi. An tafi da su Jamus, suka mutu a 1978, ɗaya na bin ɗaya cikin ɗan lokaci.

Babban abin da ya sauya ta shi ne kisan Digit, namijin da ta sani tun yana ƙarami, ta sa masa wannan suna saboda wani yatsansa da ya lanƙwashe. Ranar 31 ga watan Disamba na 1977 mafarauta da karnukansu suka faɗo wa garkensu. Digit ya tare su shi kaɗai har sauran suka tsere, ya kashe kare ɗaya, aka soke shi da mashi sau biyar, aka yanke kansa da hannuwansa. Bayan wata bakwai aka harbe shugaban garken, Uncle Bert, da wata mace mai suna Macho. Ɗansu Kweli mai shekara uku ya tsira da raunin harsashi. Wata uku yana fama, ciwon na ruɓewa, masu bincike na kallo, har ya mutu. A duk faɗin duwatsun babu likitan dabbobi ko ɗaya da aikinsa shi ne duba waɗannan birai.

Yaƙin da ta yi da maƙwabtanta

Bayan mutuwar Digit ta kafa asusu da sunansa a 1978, ta ɗauki ƴan sintiri tana biyansu. Cikin wata huɗu a 1979, mutum huɗu kacal suka lalata tarko 987. Babu shakka wannan sintiri ya ceci rayuka a lokacin da masu gadin gwamnati ba su da albashin kirki, ba su da ko takalmi mai kyau.

Amma ta wuce gona da iri. Ta ƙone bukkoki da kayan waɗanda take zargi, ta harbe shanun makiyaya da suka shigo gandun, ta sa an zane waɗanda aka kama da ganye mai ƙaiƙayi. Tana sa fuskokin roba masu ban tsoro don a ɗauke ta mayya a guje ta. Ta taɓa riƙe ƙaramin ɗan wani mafarauci, lamarin da ya jawo aka ci ta tara. Da yawa daga cikin waɗanda take kora ƴan ƙabilar Batwa ne, mutanen da kakanninsu suka rayu a wannan kurmi tun kafin a ja iyakar gandu, aka fitar da su ba tare da an ba su gona ba. Ita a wurinta duk wanda ya shiga dajin abokin gaba ne. Su kuma a wurinsu baƙuwa ce da ta fifita biri a kan mutum mai jin yunwa.

Wasu matasan masu bincike da suka yi aiki a Karisoke sun ga abin ta wata fuska. Bill Weber da matarsa Amy Vedder, waɗanda suka iso a 1978, sun bi ƙauyuka suna tambayar manoma ra'ayinsu, suka gano cewa yawancinsu ba su ga amfanin gandun ba. A daidai lokacin gwamnati na shirin yanke wani yankin kuma don kiwon shanu. Suka nuna wa hukumomi cewa biri mai rai zai iya kawo kuɗin da ya fi na shanun, in aka sabar da wasu garkuna da mutane, aka riƙa kai baƙi ƙalilan suna biya su gani. Da haka aka fara wani shiri a 1979 mai ƙafa uku: sintiri, da yawon buɗe ido, da wayar da kan ƴan makaranta da mutanen gari. Dian ta yi adawa da shi ƙwarai. Tana ganin kuɗin da aka tara da sunan Digit ana kashe su a kan hanyoyi da ofisoshi, kuma tana tsoron baƙi za su kawo wa biran cuta. A wannan batu na biyu tana da gaskiya: kusan kashi 98 cikin 100 na ƙwayoyin halittar gorila iri ɗaya ne da na mutum, murar da mutum zai yi ya warke cikin mako tana iya kashe shi.

Rigimar ta yi tsanani har ta bar Ruwanda a 1980, ta koyar a jami'ar Cornell ta Amurka. A can ta kammala littafinta mai suna Gorillas in the Mist, wanda ya fito a 1983. A wannan shekarar ta koma Karisoke, huhunta ya lalace saboda shan taba, hawan dutsen na yi mata wuya. A waɗannan shekaru na ƙarshe ne ta gamu da Ruth Keesling, ƴar mutumin da ya kafa gidauniyar Morris mai kula da lafiyar dabbobi, ta roƙe ta a samo wa biran likita.

Ba ta ga amsar roƙon ba. Bayan kisanta, wata kotun Ruwanda ta yanke wa wani ɗalibi Ba'amurke da ke aiki a sansanin hukunci a bayan idonsa, shi kuwa ya musanta. Wani ɗan ƙasar mai bin sawun birai da aka kama, an tsinci gawarsa a kurkuku. Har yau mutane da yawa ba su gamsu cewa an gano wanda ya kashe ta ba.

Abin da ya biyo bayanta

Ruth Keesling ta cika alkawari. A 1986, watanni bayan jana'izar, likitan dabbobi James Foster ya iso Ruwanda ya buɗe ƙaramin asibiti a gindin duwatsun. Ba a daɗe ba aka ga amfaninsa: a 1988 wata cutar numfashi ta ɓarke ta kashe birai shida, aka yi zargin ƙyanda ce, aka yi wa 65 rigakafi ta hanyar harba musu allura daga nesa.

Wannan aikin shi ne ya zama ƙungiyar Gorilla Doctors, wadda yanzu ke aiki a Ruwanda da Yuganda da Kwango, kuma yawancin likitocinta ƴan waɗannan ƙasashe ne. Ba sa ɗauko biri su kai asibiti, su ne ke hawa da kayan aiki a baya. Suna zagaya garkunan da suka saba da mutane a kai a kai suna duba su da ido. Ba sa taɓa dabba sai in ranta na cikin haɗari ko kuma mutum ne sanadin ciwon. In zarge ya kama ɗan biri, sai a harba masa allurar barci, wani lokaci har da uwarsa, masu bin sawu su tare babban namijin, a yanke wayar, a wanke ciwon, a yi allura, a tashe shi ya koma cikin danginsa. Wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna cewa garkunan da ake gadi kullum ana kuma duba lafiyarsu sun riƙa ƙaruwa da kashi 4 cikin 100 a shekara, alhali waɗanda ba a kusantarsu suna raguwa, kuma aikin likitoci na iya zama sanadin har kashi 40 cikin 100 na wannan bambanci. Tun 2009 ƙungiyar ke aiki kafaɗa da kafaɗa da jami'ar Kaliforniya ta Davis, makarantar da Dian ta faɗi jarrabawar zama likitan dabbobi.

Likitocin sun kuma gane cewa lafiyar biri ba ta rabuwa da ta maƙwabcinsa. Ana duba lafiyar masu gadi da masu bin sawu, ana yi musu magani. A Yuganda, likita Gladys Kalema-Zikusoka ta bi diddigin ƙazuwar da ta kama biran kurmin Bwindi a 1996 ta kashe jariri guda, ta danganta ta da ƙauyukan da ke kewaye, inda biran ke fitowa cin ayaba. Daga nan ta kafa ƙungiya a 2003 mai haɗa kiwon lafiyar jama'a da kare namun daji.

Yawon buɗe idon da Dian ta ƙi ya zama babbar hanyar kuɗin shiga ga Ruwanda, amma da dokokin da tsoronta ya haifar: baƙi takwas kacal ga kowane garke a rana, awa ɗaya tak, da tazarar mitoci tsakani, mai mura kuma ba ya hawa. Tun 2017 takardar izini dala 1,500 ce, sama da jika 800 na kuɗin sefa. A 2005 gwamnati ta fara ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gandayen daji ga ƙauyukan kewaye, ta ɗaga zuwa kashi 10 a 2017. Da su ake gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da tankunan ruwa, don kada mata su shiga gandu ɗibar ruwa. An ja katangar dutse don hana ɓauna cinye gonakin dankali. Tsofaffin mafarauta da ƴaƴansu sun zama masu dako da masu bin sawu. Tun 2005 kuma ake bikin Kwita Izina kowace shekara, inda ake raɗa wa jariran birai suna a bainar jama'a kamar yadda ake yi wa ƴaƴan mutane.

A 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta cire gorilan dutse daga jerin masu dab da ƙarewa, ta mai da shi jerin masu fuskantar barazana. In aka haɗa na Birunga da na Bwindi, adadinsu ya kai 1,063. Matsaloli ba su ƙare ba. Har gobe ana cire tarkuna, Batwa na cikin mafi talaucin mutanen yankin, a ɓangaren Kwango kuma masu gadi fiye da 200 sun rasa rayukansu a hannun ƴan bindiga.

Ginin Karisoke na asali ya rushe a yaƙin shekarun 1990, cibiyar ta sauko gari, kuma ƴan Ruwanda ne mafi yawan masu gudanar da ita. A saman dutsen abin da ya rage shi ne maƙabartar da Dian ta yi wa biran da aka kashe. A nan aka binne ta, kusa da Digit. Baƙi na biyan kuɗi su hau su ga kabarin, wani kaso na kuɗin kuma yana komawa ƙauyukan da ke gindin dutsen.